Rasuwar Zalɓe, Keken Clovis Domangue

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafu biyu da suka rasa abin takawa, Clovis Domangue na bakin rafin Dulac, tare da 'yarsa Renelle da yayarsa Odile, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da dukkan karnukan da ke kan hanyar Houma zuwa bakin teku, rasuwar kekensa kuma abokin tafiyarsa, wanda aka fi sani da Zalɓe. Ya rasu ranar Juma'a da hantsi a kan hanyar tsohuwar maƙabarta, cikin ruwa iya gwiwa, bayan doguwar rashin lafiyar da ya yi ta fama da ita ba tare da ya kwanta ko sau ɗaya ba. Ya shekara ashirin da ɗaya a hannun mai shi. Shekarunsa na haihuwa kuwa Allah kaɗai Ya sani, don da furfurarsa ya iso garin nan.

Ana roƙon jama'a su yi haƙuri in sun ga wani abu ya karkace a wannan sanarwa. A barandar Clovis aka rubuta ta, shi kuwa tun ranar Juma'a bai zauna ba. Ya faɗi magana ɗaya a nan, ya sauka ƙasa ya zagaya dirkokin da gidan ke tsaye a kansu, ya hawo ya ce a goge, ba haka yake nufi ba.

Marigayin ba ɗan ƙasar nan ba ne. Wata mata ce 'yar Kanada ta hawo shi tun daga inda kogin Mississippi yake ɗan siririn ruwa, ta biyo kogin wata biyu har ta iso Cocodrie, inda kwalta ke ƙarewa teku ya fara. Ta sauka ta kalli ruwan, ta juyo ta kalli keken, ta ce ita da shi sai a lahira. Clovis na zaune a bakin gaɓa a ranar, don a lokacin zama ne aikinsa. Shekara ashirin da shida ya yi yana kama jatan lande da jirginsa, sai wata safiya farfaɗiya ta kayar da shi a tsakiyar ruwa. Likita ya ce ba tuƙin jirgi, ba tuƙin mota. Matarsa ta riga ta rasu, Renelle na makarantar koyon jinya. Aka sayar da jirgin. Mutumin da bai taɓa ganin fitowar rana daga kan gado ba ya wayi gari ba shi da inda za shi. Wata goma sha ɗaya ya yi yana auna tsawon gaɓar nan da ƙafa.

Likita bai ambaci keke ba. Clovis kuma bai tambaya ba.

Da kwandon jatan lande ɗaya aka yi musaya, Odile kuma ta kai matar tashar mota. Da ta dawo ta tarar da ƙanenta yana shafa wani dogon abu mai ruwan toka, siraran ƙafafu, wuya a lanƙwashe, sai ta riƙe ƙugu.

"Kai Clovis, wannan zalɓen fa? Kifi za ka tura shi ya kamo maka?"

"Yaya, ke dai ki matsa, kin tare mana hanya."

"Hanyar ina? Duk hanyar ƙasar nan a ruwa take ƙarewa."

"To mu je mu gani da idonmu."

Daga ranar sunan ya bi shi, daga ranar kuma ba a sake samun Clovis a gida ba. Rafuka biyar ne suka gangara daga Houma zuwa teku, kowanne da siririyar hanyarsa a gefe, fadama dama da hagu. Su biyun sukan bi kowace har ƙarshe, Clovis ya tsoma tayar gaba a ruwa, su juyo su kama ta gaba. Sau biyu a shekara kuma, lokacin da shuɗin fure ya rufe fadama da lokacin da aka fara saran rake, sai ya ɗaure tanti da tukunyar kofi da maganinsa a kariya, su nausa yamma. Su ratsa gonakin rake, su hau tudun da aka yi don tare ambaliya, su shiga dazukan Atchafalaya inda itatuwa ke tsaye a cikin ruwa, su fita ta gonakin shinkafa. Kwana tara, kwana goma sha biyu. Duk garin da suka yada zango, kafin a gama tambayarsa ina ya fito ya fara duba sararin sama yana lissafin iskar gobe.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa neman mai ba, ɗigon giris ya ishe shi wata guda. Iskar kudu ta tare shi, bai yi ƙorafi ba. In wani kada ya kwanta shan hantsi a tsakiyar kwalta, sai Zalɓe ya tsaya nesa cikin ladabi har mai gida ya ga dama ya koma ruwa. In an ɗaga gada don jirgi ya wuce, motoci su yi layi su kashe inji, shi da mai shi kuwa sai su yi ta zagaye a wuri ɗaya, don Clovis ya tsani sa ƙafa a ƙasa. Ba shi da yawan magana. In suna gangara yakan ce tik-tik-tik-tik, a hankali, kamar mai jan carbi. In an ja birki ya ce ƙiiit. Wannan ƙiiit ɗin Odile kan jiyo daga shagonta, ta ɗora shinkafa ba tare da ta leƙo ba.

Mutanen ƙasan rafi ba za su manta da shi ba saboda shekarar babbar guguwa. Turakun lantarki sun kwanta a hanya, gidajen mai a rufe, mota ba ta wucewa. Kwana tara Zalɓe yana safarar ruwan sha da ƙanƙara da maganin ciwon suga zuwa ga tsofaffin da suka ƙi barin gidajensu. Inda hanya ta toshe Clovis ya saɓa shi a kafaɗa, inda ta buɗe shi ya ɗauki Clovis.

Shi ne kuma ya riƙa kawo labarin da ba wanda ke son ji. Mai mota ba ya ganin ƙasa tana tafiya, mai keke kuwa yana gani. Clovis kan dawo ya ce makiyayar shanun su wane ta zama tafki, ko lambun lemon da suka yi wasa a ciki ba abin da ya rage sai kututture uku a cikin ruwan gishiri. Da farko dariya ake yi masa a shagon Odile. Daga baya aka daina dariyar, aka koma tambayarsa: bana ina ruwan ya kai?

Ba a faɗin aibun mamaci, amma iyalan ba sa son a ce sun yi ƙarya. Sirdinsa ba shi da tausayi. Giyarsa ta bakwai ba ta da alƙawari. Ya kuma taɓa watsar da mai shi a kwata a gaban cocin Montegut daidai lokacin da amarya da ango ke fitowa, har yau hoton na nan a gidan mutane.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa shiri da shi ba, ita ce Renelle. Tana aikin jinya a Lafayette, ƙasa mai tudu, kuma shekara uku ke nan da ta gyara wa mahaifinta ɗaki a gidanta. Duk Lahadi sai ta kira.

"Baba, ɗakin nan fa yana jiran ka."

"Ya yi ta jira, ai ba ƙafa gare shi ba."

"In abin nan ya taso maka a tsakiyar fadama, wa zai gan ka?"

"Shekara tara rabona da shi, 'yar nan. Ya manta adireshina."

"Shi ya faɗa maka?"

"Zan kashe, iska ta juya, yanzu ne daɗin tafiya."

Ciwon ajali gishiri ne. Tun da ruwan teku ya fara hawa hanyoyi, Zalɓe ke shiga cikinsa, Clovis na wanke shi da ruwan famfo duk dawowa, amma abin da ya shige cikin bututun ƙarfe ba ya fitowa. Alcide Lirette mai walda, abokin Clovis tun suna aji ɗaya, shi ya fara ganewa a bara. Ya ƙwanƙwasa bututun da sufana, ya kara kunne, ya taɓe baki.

"Clovis, mutumin nan naka daga ciki yake ruɓewa."

"Kai ma haka, ga shi ba mu jefar da kai ba."

"Ni ba na ɗaukar ƙato a bayana mil hamsin."

"Ɗan ɗiga masa wuta kawai, malam, ba wa'azi na zo ji ba."

Alcide ya ɗiga masa wuta a wuri biyu, ya ce daga wannan babu ƙari.

A makon da ya wuce ne ranar tunawa da matattu ta matso, kowa na shirin shafe kabarin nasa da farar ƙasa. Mahaifiyar su Clovis na kwance a tsohuwar maƙabarta, kan wani ɗan tudu da hanya mil huɗu ke kaiwa gare shi ta tsakiyar fadama. Renelle ta ce ya jira ta, ranar Lahadi za ta zo da a-kori-kura su je tare. Ya ce to. Laraba iskar kudu ta taso. Alhamis ba ta faɗi ba. Clovis ya wuni yana sauka yana duba ruwan rafi a jikin dirka, yana hawowa. Ya share gida. Ya sake share shi. Ya je shagon Odile ya sha kofi a tsaye, ta ce ko dai ya zauna ko ya fita, yana sa mata jiri. Juma'a da sassafe ya ɗaure bokitin farar ƙasa da buroshi da damin furanni rawaya a kariya, bai gaya wa kowa ba.

A mil na farko ruwa na lasar taya. A na uku yana taɓa feda. Suka isa. Clovis ya cire ciyawa, ya shafe kabarin tas har ya yi ƙyalli, ya ajiye furannin, ya yi addu'a a tsaye. Sauran farar ƙasar ya shafa wa wasu kaburbura biyu da masu su suka ƙaura tuntuni. Da ya juyo, hanya ta ɓace. Ba abin da ke nuna ta sai turakun gefe da suka leƙo da kawunansu. Ya hau, ya saita tsakanin turakun, ya taka.

A nan ne marigayin ya yi maganarsa ta ƙarshe, wadda ba a taɓa jin irinta daga bakinsa ba. Ya ce ƙas.

Da azahar aka ga Clovis ya shigo wurin waldar Alcide a ƙasa, jiƙe sharkaf, farar ƙasa a wando, jini a gira, Zalɓe a kafaɗarsa yana reto gida biyu, wayar birki kaɗai ke riƙe da gaba da baya. Ya shimfiɗe shi a kan benci a hankali. Alcide ya sa yatsa a bakin karayar, tsatsa ta zubo kamar garin kofi. Ya cire hularsa.

Odile ce ta kira Renelle. Kafin la'asar ta iso da rigar aiki a jikinta. Ta duba girar mahaifinta, ta haska masa ido da tocilan ɗin wayarta, ta ce ya buɗe baki ta ga ko ya ciji harshe. Ya ƙi. Sai ta juya wajen Alcide.

"Kawu Alcide, ka faɗa mini tsakaninka da Allah. Karyewa ya yi Baba ya faɗi, ko faɗuwa Baba ya yi ya karye?"

Alcide ya juya hular a hannunsa. "'Yata, ni ƙarfe na sani. Ƙarfen nan ruɓaɓɓe ne, ko tsuntsu ya sauka a kai zai iya ɓallewa. Wanda ya riga wani kuwa, ba na wurin."

"Gishiri ne!" in ji Clovis. "Kowa ya ga tsatsa. Sai an kira alƙali?"

Ya fice. Asabar ya taka a ƙasa har gadar Dulac ya dawo, sau uku. Ya ɗauki famfon keken ya ajiye. Ya buɗe jakunkunan tafiya ya shanya, ya ninke, ya sake buɗewa. Renelle ba ta koma Lafayette ba, ba ta kuma sake tambayarsa ba. Ta zauna a matakala tana ɓare jatan lande, tana kallonsa yana wucewa.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci ya zo ya tsaya a ƙasan matakalar, ya ba ta baya.

"Na ji ɗanɗanon ƙarfe a bakina," ya ce. "Kamar na tsotsi kwabo. Kin san shi."

Ta sani. Shi ne alamar da ke zo masa kafin farfaɗiya.

"Ƙas ɗin na ji shi. Amma ko kafin ɗanɗanon ne ko bayansa, wallahi ban sani ba. Na dai buɗe ido na gan ni a kwance ta gefe, rana ta matsa daga inda na bar ta. Hannun keken ɗaya ya cake a laka, ɗayan ya saƙale ni a hammata. Kumatuna na kan jaka. Ruwan nan," ya taɓa ƙasan leɓensa, "a nan ya tsaya."

Renelle ta ajiye kwanon. Ta sauko ta wuce shi, ta shiga ƙarƙashin gida inda aka kwantar da Zalɓe a kan tsohon tanti. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta ɗora hannu a kan sirdin.

"Shekara ashirin ina tsine wa keken nan," ta ce.

"Bai riƙe ki a zuci ba."

"Litinin za mu ga likita, Baba."

"Na sani."

"Maganar ɗaki kuma..."

"Na ce na sani!"

Ya yi hanyar gada. A wannan karon ta bi shi, suka jera.

Saboda haka iyalan na sanar da cewa gishiri ne ajalin marigayin, sauran bayanin kuma Clovis da kansa ya ce a rubuta, don kada wani ya ji a shagon Odile da ƙari.

Marigayin ya rasu ya bar mai shi, Clovis, ɗan shekara sittin da biyar, wanda ba a san yadda za a yi da shi ba. Ya bar famfo ɗaya, jakunkuna biyu masu warin fadama, da gwangwanin faci da ba a kai ga rabinsa ba. Ya bar ƙararrawa, wadda Odile ta ce ita za ta gada, za ta rataye a ƙofar shago. Ya bar wani jan kare a Chauvin da ya shekara goma sha ɗaya yana bin sa bai taɓa kama shi ba, wanda aka ce tun Asabar yana kwance a bakin hanya yana kallon arewa. Ya kuma bar hanyoyi biyar da yanzu ba mai zuwa ya duba ƙarshensu.

Ba a buƙatar furanni. Ba a kuma buƙatar kujera mai lilo, an riga an kawo guda biyu, duk an mayar. Masu niyyar kawo sabon keke su dakata, Renelle ta hana, mutum uku ta kora da kanta. An ce an ga Alcide yana jawo tsofaffin kekuna biyu daga bayan shagonsa yana gwada su da igiyar awo, kamar mai shirin haɗa keke mai sirdi biyu. Iyalan ba su da masaniya a kan wannan. An dai ji uba da 'ya suna musu jiya a kan wanda zai zauna gaba, kuma ba a daidaita ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa, in iska ta yarda. Ba za a binne shi ba, ƙasar nan ba ta riƙe abin da aka ba ta. Alcide zai haɗe shi, ya kafa shi a kan turken ƙarfe a mararrabar hanyar tsohuwar maƙabarta, ya shafa jan fenti a daidai feda. Duk ranar da ruwa ya taɓa jan, kada kowa ya shiga hanyar, ko da uwarsa ce ke kwance a can. Clovis ya ce fuskarsa ta kalli kudu. Bayan an gama za a taru a shagon Odile a ci shinkafa da miyar kuɓewa da ƙaguwa, kowa ya zo da kwanonsa. Daga Lahadi kuma mai son yin ta'aziyya sai ya nemi Clovis a gidan 'yarsa a Lafayette, ya kuma kira kafin ya taso, don ba a yi alƙawarin zai same shi a zaune ba.

Kafin a kai shi makwancinsa, za a ɗora marigayin a bayan motar Renelle a zagaya da shi rafukan nan biyar, kowanne har inda kwalta ta ƙare. Clovis zai zauna a gefenta, gilashi a sauke. Sharaɗin da ya kafa ke nan kafin ya yarda ya haɗa kayansa, ita kuma ta karɓa, har da wanda ya fi mata wuya: ba za ta wuce mil goma sha ɗaya a awa ba. Ana roƙon masu rakiya kada su yi hon, kada kuma su sha gaba.

Za a tashi daga wurin waldar Alcide da ƙarfe bakwai na safe. Wanda ya makara kada ya damu, ya kama hanyar kudu kawai. Zai cim musu, da tafiyar keke za a yi.

Allah Ya ba mai shi haƙuri, Ya kuma ba waɗanda za su zauna da shi wanda ya fi nasa.